Giwa Mai Gajerun Ƙafafu

Bombay, 9 ga Janairu, 1984

Zuwa ga Fui Jenabai, ƙanwar mahaifina, uwar da ta rage mini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya gwiwar? Hanifa da yara suna gaishe ki. Ni ma lafiya lau, sai idanu da gyaran rubutun maɗaba'a yake nema ya cinye. Na ji jikarki Sugra tana da ciki, Allah ya raba lafiya.

Fui, alfarma nake nema, kuma na san za ki ja tsaki kafin ki kai ƙarshen layin nan. Maganar rupin azurfar kakana Dada Sidik ce, wanda ya naɗe da kakin zuma ya sa a gindin dogon itacen tsakiyar jirginsa ranar da aka tura shi ruwa, wanda tun da aka farfasa jirgin kike damƙa wa kowane jaririn gidanmu a tafin hannu ranar kwana shida. Ina so ki fito da shi tsakar gida da rana, ki duba mini abu biyu. Na farko shekarar da ke bayansa. Na biyu, akwai sarƙa a ƙirjin Sarkin da ke jikinsa, a jikin sarƙar akwai wata 'yar dabba. Ki faɗa mini kamanninta.

Ga dalili. Kin san shekara goma sha tara ke nan ina tara tsoffin rupi. Na wannan Sarki mai gemu ina da na shekarunsa jere, ban da na 1911. Bara wani mutumin Surat ya sayar mini da ɗaya. Na saka sabuwar riga na kai shi zaman da muke yi duk Lahadi a shagon Pestonji, tsohon nan ɗan ƙabilar Parsi wanda in ya ce rupi na gaske ne, duk Bombay babu mai musu. Ya kara gilashinsa a ido bai fi ƙiftawa biyu ba, ya ce, "Jusab, wane wanzami ne ya yi wa bakwai ɗin nan aski?" Ashe na 1917 ne, aka kankare kan bakwai ɗin ya koma ɗaya. A gaban mutum goma sha biyu, Fui. Tun ranar sunana ya koma Jusab Sha Bakwai. Ko a tashar jirgin ƙasa suka hango ni, da shi suke kirana.

An ce jirgin Dada ya shiga ruwa a ƙarshen 1911. In lissafina daidai ne, abin da zai wanke ni yana cikin akwatinki.

Ɗanki,
Jusab

Mandvi, 2 ga Fabrairu

Jusab ɗana,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, mun gode Allah. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta shekara shida da suka wuce, in ka tuna yadda ka bar ta. Ranar da aka binne mijina waya ka bugo. Yau ga wasiƙa shafi biyu, gwiwata ta sami rabin layi, ƙarfe ya kwashe sauran. To, madalla.

Duk da haka na duba maka, don ba na son a riƙa kiran ɗan yayana da lamba kamar motar haya. Lambobin Turawa ne a jiki, na ga ɗaya, na ga tara, sai sanduna biyu a tsaye. Dabbar kuwa ta ba ni wahala, ba ta fi ƙwayar gero ba. Sai da na ari tabaraun maƙwabciyata na ɗora a kan nawa. Giwa ce, amma ban taɓa ganin giwa mai abin tausayi irinta ba. Ƙafafu gajeru, jiki a dunƙule, hancin kamar an datse shi da almakashi. Shekara arba'in da huɗu ina juya rupin nan ban taɓa sanin tana wurin ba.

Me ya haɗa ka da ƙafafun giwa? Ka faɗa mini gaskiya, tun kana ƙarami in kana ɓoye abu sai ka cika ladabi.

Kuma in aro kake shirin nema, ka haƙura tun yanzu. Sugra za ta sauka a watan Yuni in Allah ya so. Zan goge shi da tsamiya da toka ya yi haske, ya jira baƙonsa.

Fuinka,
Jenabai

Bombay, 13 ga Fabrairu

Fui,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri kan maganar zuwa, wallahi hutu ne ba a ba ni. Na sa an aiko miki da man zafi na gwiwa ta hannun wani mai zuwa Bhuj.

Don girman Allah kada ki kusantar da tsamiya da rupin nan! Toka kuma ko a mafarki. Wannan duhun da kike gani datti, a wurinmu shi ne shaidar shekaru. Na karanta layin nan naki ina kan cin abinci, loma ta tsaya mini a wuya, sai da Hanifa ta bubbuga mini baya.

Abin da kika faɗa a kan ƙafafun ya sa na kasa zama wuri ɗaya. Maganar masu tara kuɗi ce kawai, ba za ta dame ki ba. Saura abu ɗaya. Ki kai shi wurin Premji maƙerin zinariya ya ɗora a ma'auninsa. Nauyin tola ɗaya cif ya kamata ya yi. Ya kuma ɗora shi a kan yatsa ya ƙwanƙwasa, ki saurara ko ƙarar tana daɗewa ko tana mutuwa nan take. In duk sun yi daidai, mako ɗaya kacal nake roƙo. Ki aiko ta gidan waya da rajista, Pestonji ya gani da idonsa, in mayar miki tun kafin Sugra ta fara naƙuda.

Jusab

Mandvi, 20 ga Maris

Jusab,

Ina amsa sallamarka don wajibi ce. Lafiya muke. Man ya iso. Na yi wata guda ban rubuto ba don ina tsoron abin da hannuna zai rubuta.

Na je wurin Premji kamar yadda ka aike ni. Shagon cike da mata masu zaɓen awarwaro. Ya auna, tola ɗaya. Ya ƙwanƙwasa, ya yi ƙara har ta ishe ni. Sai ya kara gilashi a ido, sai ga shi yana dariya har rawaninsa yana rawa.

Ya ce, "Jenabai-ben, 'yar'uwa, ashe ke ce kike kiwon alade a Mandvi ba mu sani ba?"

Na ce, "Premji, ka kama bakinka, na girmi uwarka."

Ya ce, "Ni na isa? Rupin alade ke nan, ubana ya sha ba mu labarinsa. Giwa aka so zanawa ta fito alade. Musulmi suka ce ba su taɓawa, kasuwanni suka rikice, gwamnati ta bi ta tattara ta narke. Naki ya tsira ne don yana can tsakiyar teku a ƙarƙashin itace."

Matan nan duk suka bar awarwaro suka zo leƙe. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Washegari a wurin ɗibar ruwa wata ta tambaye ni ko yana cin dusa.

Jusab, jarirai ashirin da uku na damƙa wa abin nan da bismillah a bakina. Kai ne na huɗu. A akwati ɗaya yake kwana da carbin da na kawo daga Makka. Kuma ka sani. Ka sani sarai, ka ce mini 'yar dabba, ka ce maganar masu tara kuɗi ce ba za ta dame ni ba. Ka tura ni cikin mutane in je in ji daga bakin Premji. Wannan ya fi aladen yi mini ciwo.

Na fitar da shi daga ɗaki, na ƙulle a tsumma na soke a rufin madafa. Sau biyu ina fita da shi bakin teku don in jefar, ina dawowa da shi, don hannun ubana ya taɓa shi. Yanzu ka faɗa mini, kai mai ilimi, me zan sa a hannun ɗan Sugra? In bar shi hannu wofi, shi kaɗai a duk zuriyar Sidik? Ko in damƙa masa wannan, duk gari suna kallo?

Jenabai

Bombay, 29 ga Maris

Fui, uwata,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. A tsaye nake rubutun nan, an tara mana aikin littattafan makaranta ko numfashi ba ma yi. Na yi laifi. Na ɓoye sunan ne don na san ranki, ban yi tunanin bakin Premji ba.

Amma Fui, giwa ce. Wallahi giwa ce, mai zanen ne bai iya ba. Hannun jarirai ashirin da uku bai taɓa komai ba sai azurfa. Ki rufa mini asiri kada ki sake zuwa bakin teku da shi. Ki gane, ba don dabbar nan ba, da babu wata magana a kan rupin nan. Ita ce komai. Ita kaɗai ta raba shi da sauran da ke cike da kasuwa.

Ki yi yadda ranki zai kwanta game da jaririn, ni dai in an gama ki tuna da ni.

Ɗanki mai laifi,
Jusab

Bombay, 24 ga Yuni

Fui,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata uku shiru. Ban sani ba ko fushi ne, ko ruwan sama ne ya tsare wasiƙu. Sugra ta sauka? Hanifa kullum sai ta tambaya.

Na yi wata wauta, gara in faɗa. Ranar Lahadi suka dame ni da Sha Bakwai, Sha Bakwai, har bakina ya suɓuce na ce akwai na gaske a gidanmu, wanda bai taɓa shiga hannun ɗan kasuwa ba. Pestonji ya sauke kofin shayinsa ya ce, "A gidan kowa akwai na gaske, ɗana, hanyar zuwa shagona ce take lalata su. Kawo shi. In ƙafafun giwar suka zama gajeru, ni da bakina zan sauya maka suna a gaban kowa." Yanzu duk mako tambayar ke nan, ina aladen Mandvi, ko a ƙasa yake tahowa?

Ko layi ɗaya ne ki rubuto in san yana nan.

Jusab

Mandvi, 27 ga Yuni

Jusab ɗana,

Assalamu alaikum. Albishirinka! Sugra ta sauka lafiya ranar Talata waccan, mace, mai gashi kamar an shafa mata mai. Gwiwata ma ta manta da ciwo, ni na tuƙa abincin mutum sittin. An yi ruwa, dabino ya nuna, na so a ce kana nan.

Na huce, ɗana. Wasiƙarka ta Maris na karanta ta ya fi sau goma, kuma a ƙarshe na ga kai ne ka kawo mafita. Ka ce ba don dabbar nan ba da babu wata magana. Na ce wallahi yaron nan ya yi gaskiya, ilimi bai tashi a banza ba. Na ɗauki rupin na koma wurin Premji na ce ya cire ta.

Ka ga gardama! Ya ce, "Ben, ki bari ki tambayi na Bombay tukuna." Na ce na Bombay ɗin ne ya ce. Ya ce, "Ni hannuna ba zai iya ba." Na ce, "Da kake mini dariya a gaban mata bakinka ya iya ai. Ɗauko magagari." Na tsaya a kansa har ya gama. Ya yi aiki mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba, wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa zana komai ba. Ban wanke ba, ban sa tsamiya ba, duhunka yana nan yadda ka ce a bar shi.

Ranar kwana shida na damƙa wa yarinyar a gaban duk matan unguwa, na ce kowa ta zo ta duba da tabarau biyu in tana so. Suka duba, babu wadda ta ga komai.

Yanzu saurara. Na tsufa, Sugra kuma ta ce ita 'ya'yanta na gaba zoben uwarta za ta riƙa sa musu. Ka roƙi mako ɗaya, ni na ba ka duka. Ga shi nan cikin auduga, da rajista kamar yadda ka ce. Naka ne. Ka kai wa tsohon nan ya gani, ka ce masa daga gidan Sidik mai jirgi ya fito, a tsarkake.

Fuinka mai sa maka albarka,
Jenabai

Bombay, 16 ga Yuli

Fui,

Ina taya murna, Allah ya raya yarinya. Lafiyarmu ƙalau. Abin da zan iya na gaisuwa ke nan.

Saƙo ya iso. Na wanke hannu kafin in buɗe audugar, Hanifa tana tsaye a kaina tana murmushi. Na kara gilashi na nemi giwa. Na goge gilashin na sake nema. Sai a sannan na karanta wasiƙarki.

Fui, me kika yi? Me kika yi mini? Cewa na yi ba don dabbar ba da babu wanda zai kula da shi, da rupi ne kamar kowane rupi da ake narkewa a yi mundaye. Ita ce shaidar. Shekara ana iya sassaƙa ta, na gaya miki da bakina yadda aka yi mini. Abin da ɗan damfara ba ya iya yi shi ne gajarta ƙafafun giwa. Shi kika sa aka goge.

Na so in ɓoye shi in ce ya ɓata a gidan waya. Amma na riga na cika baki, kuma wata zuciyar ta ce ko nauyi da ƙara da gefensa za su isa. Jiya na kai. Shagon ya cika fiye da kullum, har da waɗanda ban sani ba. Pestonji ya duba shekarar ya daɗe. Ya juya. Ya daɗe fiye da haka. Ya ɗora a ma'auni, ya gaza tola da ɗan kaɗan, abin da magagarin Premji ya ci.

Wani daga baya ya ce, "Wancan karon aski, wannan karon kaciya!" Aka fashe da dariya.

Pestonji bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Jusab, shekara hamsin ina wannan aiki. Mutum ɗaya ne na sani yake goge giwa, wanda ba ya so a ga dogayen ƙafafunta."

Na ce, "Baba, gwaggona ce ta sa aka goge, saboda jaririya." Na ji yadda maganar ta fito, ni kaina ban yarda da ita ba.

Ya miƙo mini ya ce, "Ban ce na jabu ne ba. Ban ce na gaske ne ba. Daga yau har tashin duniya babu mai iya cewa. Azurfa ce dai mai kyau."

Da ana kirana wawan da aka cuta. Yanzu ana kallona a matsayin wanda ya zo ya yi cuta, da labarin tsohuwa da jaririya a bakinsa. Ba zan sake taka shagon nan ba. Gwamnatin Turawa da duk ƙarfinta ta nemi rupin nan ta narke ba ta same shi ba, teku ta riƙe shi shekara talatin ba ta ci shi ba, sai ke da Premji cikin rabin sa'a. Premji ma ya ce ki tambaye ni. Kati ɗaya na gidan waya, Fui! Wata uku rupin yana hannunki ba ki tambaya ba. Ban taɓa jin takaici irin wannan ba tun da aka haife ni, kuma ban san inda zan kai shi ba, don da hannu biyu kika ba ni.

Jusab

Mandvi, 5 ga Agusta

Jusab,

Wa alaikumus salam, ko da ba ka yi ba. Yarinya tana lafiya. Ni ma da sauƙi, na kwanta kwana uku bayan wasiƙarka, na tashi.

Na ɗauko ta Maris na karanta wa mata uku layin nan, ban gaya musu komai ba, na ce me yaron nan yake nufi? Duk ukun suka ce a cire dabbar. Kai ake biya duk wata don ka gyara rubutun mutane. Da ka rubuta mini tun farko, Fui, alade ne kuma aladen nake so, da na zage ka na kwana biyu na aiko maka da abinka. Sau uku kana rubuto mini kana zagaye-zagaye kamar mai neman aure.

Wannan ke nan. Amma ban yi barci a kan cewa an kira ɗan yayana macuci ta dalilina ba. Na koma wurin Premji na ce ya ba ni abin da ya cire.

Ya ce, "Ben, wane abu?"

Na ce, "Aladen. Ba ni aladena."

Ya riƙe baki ya ce ai ya zama ƙura. Sai ya tuna su maƙera ba sa zubar da sharar shago, a garwa suke tarawa har ƙarshen shekara masu wanke ƙasa don tsintar zinariya su saya. Ya jawo garwar. Na ce a kawo mini rariya da faranti. Ya ce, "Ben, sharar wata takwas ce, ta ina za ki gane naki?" Na ce ba ruwansa.

Na zauna a dakalin shagonsa tun hantsi har aka kira la'asar. Ni Jenabai, shekara sittin da tara, wadda ta je Makka ta dawo, ina tankaɗen shara a bakin kasuwa, duk mai wucewa sai ya tambaya me ya ɓata, Premji yana cewa 'yan kunne, ni ina cewa a'a, alade nake nema wa ɗana na Bombay. Tunda an riga an yi dariyar, gara a yi ta a kan gaskiya.

Abin da ya yi fari na tsince da bakin allura. Premji ya auna, ya ce ya yi daidai da abin da ya ragu, har ya ɗan ɗara. Ya kuma rubuta takarda da hannunsa ya sa hatimin shago, cewa shi ya goge, kuma ƙafafun gajeru ne, ya gani da idonsa. Ya ce ba lalle tsohonku ya karɓi shaidar maƙerin ƙauye ba. Na san haka. Na san kuma ƙura ba ta komawa giwa, ba sai ka rubuto ka yi mini bayani ba.

Abin da nake da shi ke nan, ɗana. Rupin na ba ka, ba ni da wani. Ƙullin ƙurar yana cikin takardar Premji, ka buɗe a hankali, nesa da fanka.

Fuinka,
Jenabai